Kafin a Ɗaura wa Yaro Na'ura a Goshi

Wata Asabar da hantsi ƙanwata ta turo mini wani gajeren bidiyo ta WhatsApp. Yaro ne ɗan Bature wanda bai wuce shekara takwas ba, an ɗaura masa wani zobe na roba a ka, yana zaune gaban kwamfuta ya harɗe hannuwa. A fuskar kwamfutar wani kifi yana iyo. Mai bayani ya ce duk lokacin da yaron ya tattara hankalinsa, kifin zai nutsa ya ɗebo lu'ulu'u daga ƙasan teku, da zarar hankalin ya gudu kuwa sai kifin ya tsaya cak. A ƙasan bidiyon ta rubuta: "Yaya, don Allah ka bincika mini wannan abin. Ko nawa ne zan nemo, in dai zai yi wa yaron nan."

Yaron nan da take nufi ɗanta ne na biyu. Shekararsa takwas, amma makarantarsa ta uku ke nan. Duk ƙarshen zango magana ɗaya ce a takardar sakamakonsa: ba ya zama, ba ya barin na kusa da shi ya yi karatu, ba ya gama aikin da ya fara. Malamin Islamiyya ya ce kunnen ƙashi gare shi. Kakarsa ta wajen uba ta ce ƙiriniya ce kawai, ubansa ma haka ya yi. Wata maƙwabciya ta ja ƙanwata gefe ta ce a gwada ruƙiyya, ko akwai iska. An yi bulala, an yi tsallen kwaɗo, an yi kama kunne, an hana shi fita tara. Shi kuwa wannan yaro, ka ba shi matacciyar tocila da sukudireba, sai ya yi awa guda bai ɗaga kai ba, har sai ya ga ta kama.

Na ce ta ba ni mako biyu. Abin da na samo ya fi ƙarfin saƙon waya, kuma na san ba ita kaɗai ce uwar da irin wannan bidiyo zai iske cikin dare tana tunanin ɗanta ba. Shi ya sa na kawo amsar nan.

Likitoci suna da suna ga abin da ke damun irin waɗannan yara: ADHD, wato matsalar ƙarancin tattara hankali da yawan motsi. Ta girmi wayar hannu da talabijin nesa ba kusa ba. Tun 1798 wani likita ɗan Sikotilan mai suna Alexander Crichton ya yi bayanin mutanen da hankalinsu ba ya iya tsayawa kan abu ɗaya. A 1902 George Still ya gabatar da laccoci a Landan kan yaran da wayonsu lafiya lau yake, amma ba sa iya riƙe kansu. Wani babban nazari na 2007 da ya tattara alƙaluman nahiyoyin duniya ya sami kusan yara 5 cikin kowane 100 suna da ita. A ajin da ke da ɗalibai ɗari, wanda ba baƙon abu ba ne a makarantun gwamnatinmu, ka ƙiyasta yara biyar ke nan.

Kakar nan ma ba ta yi kuskure gaba ɗaya ba. Binciken da aka yi kan tagwaye ya nuna gado yana da kaso fiye da 70 cikin 100 a wannan matsala. Haka kuma hotunan ƙwaƙwalwa da masu bincike na cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwa ta gwamnatin Amurka suka wallafa a 2007 sun nuna ɓawon ƙwaƙwalwar waɗannan yara, musamman sashen gaba mai kula da tsara aiki da danne sha'awa, yana jinkirin nuna da kimanin shekara uku. Injin yana da ƙarfi, birkin ne bai gama ƙwari ba. Akwai kuma waɗanda ba a lura da su, galibi 'yan mata, da ba sa tsalle ba sa surutu. Suna zaune shiru, ido a kan allo, hankali ya yi tafiyarsa. Su ne ake kira sokaye ko daƙiƙai. Sai dai ba kowace ƙiriniya ce cuta ba. Kafin likita ya yanke hukunci, sai alamun sun bayyana tun kafin shekara 12, sun ɗauki aƙalla wata shida, ana ganinsu a wuri fiye da ɗaya, kamar gida da makaranta, kuma suna cutar da rayuwar yaron.

Daga kyanwa zuwa kifi

Na'urar cikin bidiyon tana da tarihi mai daɗin ji. A 1924 wani likita Bajamushe, Hans Berger, a garin Jena, ya fara auna lantarkin da ke fita daga ƙwaƙwalwar ɗan'adam. Lantarki ne mai rauni ƙwarai, yana kaɗawa kamar igiyar ruwa. Idan mutum yana gyangyaɗi ko ya lula tunani, kaɗawar da ta fi yawa mai nawa ce, sau 4 zuwa 8 a sakan. Idan ya duƙufa kan aiki, mai sauri ce take ƙaruwa, sau 13 zuwa sama.

A shekarun 1960 Barry Sterman na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjelis ya gano cewa in aka riƙa ba kyanwa madara duk lokacin da ƙwaƙwalwarta ta fitar da wata kaɗawa ta musamman, mai sau 12 zuwa 15 a sakan, sai kyanwar ta koyi fitar da ita da gangan. Daga baya aka ba shi aikin gwada illar wani man roka mai haddasa farfaɗiya, sai ya lura kyanwoyin da ya horar sun fi sauran jure gubar. Daga nan tunanin ya tsiro: in kyanwa za ta iya, me zai hana yaro? A 1976 Joel Lubar na Jami'ar Tenesi da abokiyar aikinsa Margaret Shouse suka wallafa gwajin farko, a kan yaro guda ɗaya mai yawan motsi. A shekarun 1990 kuma Alan Pope na hukumar sararin samaniya ta NASA ya ƙera tsarin auna natsuwar matuƙa jirgi, wanda daga baya aka haɗa shi da wasannin bidiyo na yara.

Dabarar mai sauƙi ce. Mutum ba ya ganin hankalinsa kamar yadda ba ya ganin ƙeyarsa, to sai a kawo masa madubi. Ana manna 'yan wayoyi a fatar kai, kwamfuta ta karanta kaɗawar, in ta ga alamar natsuwa kifi ya yi iyo, in ta ga alamar shagala ya tsaya. Ana maimaita wannan zama sau 30 zuwa 40, da fatan ƙwaƙwalwa za ta saba. Babu allura, babu ƙwaya. Wace uwa ce ba za ta so haka ba? A Amurka iyaye suna kashe dubban daloli kafin a kammala horon, kuma da yawansu suna rantsuwa sun ga canji.

Ba na ƙaryata su. A 2014 Naomi Steiner da abokan aikinta sun gwada irin wannan horo kan yara 104 a makarantun yankin Boston, iyaye suka ba da rahoton samun sauƙi har bayan wata shida. Amma akwai tambayar da duk mai sayen magani ya kamata ya koya: shin wanda ya ba da shaidar ya san abin da aka ba yaron? Uwar da ta yi zarya sau arba'in, ta kashe kuɗin adashenta, idonta zai nemi canji, kuma zai gan shi. Ba ƙarya take yi ba, haka aka halicci zuciya.

Ranar da aka rufe wa kowa ido

Saboda haka masana suka shirya gwajin da ba wanda zai san komai. Wata tawaga da ta haɗa masu goyon bayan wannan fasaha da masu shakkarta, ƙarƙashin jagorancin Eugene Arnold na Jami'ar Jihar Ohayo, ta ɗauki yara 142 'yan shekara 7 zuwa 10, ta raba su gida biyu. Kowane yaro an manna masa wayoyi, an zaunar da shi gaban kwamfuta tare da mai horarwa, har zama 38. Rukuni ɗaya abin da ke fuskar kwamfutar yana bin ƙwaƙwalwarsu da gaske. Ɗaya rukunin kuwa, naɗaɗɗen awon wani yaro daban ake kunna musu. Yara ba su sani ba, iyaye ba su sani ba, malamai da masu horarwa ma ba su sani ba.

Sakamakon ya fito a 2021. Yaran rukunin gaskiya sun samu sauƙi sosai. Yaran rukunin bogi ma sun samu sauƙi sosai, kusan daidai wa daida. Abu ɗaya da ya ɗan bambanta shi ne, bayan wata 13 'yan rukunin gaskiya ba su buƙaci ƙarin magani kamar ɗaya rukunin ba, kuma adalci ne a faɗi haka. A ƙarshen 2024 Samuel Westwood da wata ƙungiyar masanan Turai suka tattara gwaje-gwaje 38 da suka shafi mutum 2,472, suka wallafa a mujallar JAMA Psychiatry. Hukuncinsu shi ne, in aka tambayi masu lura da ba su san wa aka yi wa me ba, amfanin horon ya kusa ɓacewa. Ɗan abin da ya rage ƙarami ne, bai kai abin da ake tallatawa ba.

Yawancin mutane a nan suke tsayawa su ce ashe yaudara ce. Ni kuwa rukunin bogin nan ne ya tsaya mini a rai. Me ya sa yaran da aka kunna wa ƙwaƙwalwar wani suka samu sauƙi? Wani ɓangare lokaci ne, yaro yana girma. Wani ɓangare fatan iyaye ne. Amma dubi abin da aka ba su: sau 38 wani babban mutum ya zauna kusa da yaro ɗaya tilo, bai daka masa tsawa ba, ya ba shi aiki gajere mai iyaka, ya nuna masa nan take in ya yi daidai, ya yaba masa. Yaron da ya saba jin "kai dai ba ka da hankali" sau goma kafin azahar ya sami wurin da ake ce masa "madalla". Yara nawa ne a garuruwanmu suka taɓa samun irin wannan zama ko sau ɗaya?

Kasuwar ba ta tsaya nan ba. A watan Yunin 2020 hukumar FDA, takwarar NAFDAC a Amurka, ta amince da wasan bidiyo na farko da likita zai iya rubutawa kamar magani, mai suna EndeavorRx, don yara 'yan shekara 8 zuwa 12. Yaro yana karkata allon hannu yana tuƙa wani ɗan jirgi, yana danna wasu halittu yana ƙyale wasu, minti 25 a rana, kwana biyar a mako. A gwajin da aka yi kan yara 348, makinsu ya ƙaru a jarrabawar natsuwa ta kwamfuta, amma da aka tambayi iyaye halin yaran a gida, babu wani bambanci na a zo a gani tsakaninsu da waɗanda suka buga wasan kalmomi. Kamfanin Akili da ya ƙera wasan an ƙiyasta darajarsa da kusan dala biliyan ɗaya a 2022. A 2024 aka sayar da shi kan kimanin dala miliyan 34. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Akwai kuma abin tsoro. A 2019 duniya ta ga hotunan wata firamare a birnin Jinhua na lardin Zhejiang a ƙasar Sin, ɗalibai sanye da zoben kai na kamfanin BrainCo mai ɗauke da 'yar fitila a goshi. Ja na nufin yaro ya natsu, shuɗi na nufin ya shagala. Makin kowa yana tafiya kwamfutar malami, daga nan zuwa wayoyin iyaye. Da jaridar Wall Street Journal ta yaɗa bidiyon aka yi ta ce-ce-ku-ce, hukumomi suka dakatar da shirin. Ka auna wannan fitila a ajin da malami ke riƙe da dorina. Yaron da a da yake iya ɓoye shagalarsa a bayan littafi, yanzu goshinsa ne zai tona masa asiri, ga kuma na'urar da motsin gira ko ƙifta ido ma kan iya rikita awonta. Ba banza ba ƙasar Chile ta gyara tsarin mulkinta a 2021 don kare bayanan ƙwaƙwalwar 'yan ƙasa. Nijeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, amma iyaye nawa ne za su tambayi mai makaranta ina awon kan ɗansu yake kwana?

Ƙafa tana taya kai aiki

Ɗaya rabin maganar, wato motsi, ya fi ba ni ƙwarin gwiwa. Mark Rapport na Jami'ar Tsakiyar Fulorida ya daɗe yana ɗaukar yara a kyamara suna aiki. A binciken da tawagarsa ta fitar a 2015 kan yara maza 52, sun ba su aikin da ke buƙatar riƙe lambobi da haruffa a ka ana jujjuya su. Masu ADHD sun fi cin maki a lokacin da suke jujjuya kujera, suna kaɗa ƙafa. Sauran yaran kuwa, in suka yawaita motsi makinsu faɗuwa yake yi. Tawagar ta kuma nuna cewa yaran nan suna iya zama tsit gaban fim mai daɗi, sai an kunna musu darasin lissafi mutsu-mutsun yake tashi. Wato jikin yana motsi ne a daidai lokacin da ƙwaƙwalwa take neman abin da zai farkar da ita, kamar direban dare da ke tauna goro. In ka ce da irin wannan yaro ya kame kamar gunki, duk ƙarfinsa zai tafi wajen kamewar, babu sauran abin da zai saurari darasi da shi.

A 2013 Matthew Pontifex da abokan aikinsa suka sa yara 40, rabinsu masu ADHD, tafiya da ɗan sauri ta minti 20 a kan injin tattaki, wata rana kuma suka zaunar da su suna karatu na minti 20. Bayan tafiyar sun fi ƙoƙari a karatu da lissafi, kuma sun fi lura da kuskurensu. Dalilin da ake zato shi ne: motsa jiki yana ƙara sinadaran dofamin da norepinefrin a ƙwaƙwalwa, su ne kuma sinadaran da magungunan wannan matsala suke aiki a kansu. A Finlan al'adar makarantu ce a ba yara hutun minti 15 bayan darasin minti 45. A Sikotilan wata shugabar firamare a garin Stirling, Elaine Wyllie, ta fara fitar da ɗalibanta gudu ko tafiya ta minti 15 kullum a 2012, ba kayan wasanni ba kuɗi, abin ya bazu zuwa dubban makarantu a ƙasashe da dama. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son kowane yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 na motsa jiki a rana.

Dole in auna motsi da mudun da na auna na'ura. Gwaje-gwajensa ƙanana ne, ba a iya ɓoye wa yaro cewa ya yi gudu, kuma amfanin zama ɗaya ba ya daɗewa. Ba kowane motsi ne mai amfani ba: da aka gwada 'yar katantanwar nan ta roba da yara ke juyawa a yatsa, wadda aka yi yayinta a 2017, an ga ƙara raba musu hankali take yi. Motsi ba ya warkar da ADHD. Michael Phelps, mai lambobin zinare 23 a gasar Olimfik, an gano yana da ita tun yana ɗan shekara 9, ninƙaya ta ba shi inda zai zuba ƙarfinsa, ba ta canja masa halitta ba. Bambancin shi ne, in motsi bai yi aikin da ake fata ba, yaro ya tashi da lafiyayyen jiki da barci mai nauyi, uwarsa kuma ba ta sayar da ɗan kunnenta ba.

Abin da ya ba ni dariya da takaici a lokaci guda shi ne, da yawan abin da Turawa ke aunawa da kyamara mun taso mun tarar da shi. Duk wanda ya wuce ta tsangaya da asuba ya ga almajirai suna rangaji gaba da baya, allo a cinya, murya a sama, ya ga gardi yana kai-kawo yana tilawa. Tsangaya tana da nata laifuffukan, dorina ma a can ta fi zama, amma ban taɓa jin alaramma ya ce da yaro ya daina rangaji ba. Sai a ajin boko ne muka karɓi ra'ayin cewa ilmi ba ya shiga sai jiki ya mutu.

Ka tuna wasan jini-jini na dandali. Jagora yana jero sunaye da sauri, in ya ambaci abu mai jini a amsa, in ya ambaci marar jini a kame baki, wanda ya yi suɓutar baki ya ɗanɗana kuɗarsa. Jarrabawar kwamfutar da aka auna wasan EndeavorRx da ita, mai suna TOVA, kusan haka take: ɗan murabba'i ya bayyana a sama ka danna, ya bayyana a ƙasa ka ƙyale, na tsawon fiye da minti 20. Megan McClelland ta Jami'ar Jihar Oregon ta gwada wasannin da'ira masu irin wannan tsari na "yi, kada ka yi" kan 'yan nazare, ta ga suna taimakon yaran da suka fi rauni wajen riƙe kai. Ba ina cewa jini-jini magani ba ne. Ina cewa langa da 'yar gala-gala da carafke suna neman daidaiton jiki, da jiran layi, da bin doka, da haɗa ido da hannu, kuma mun kore su. Dandali ya mutu, an yanka filayen unguwa an yi shaguna, makarantun kuɗi da yawa gidajen haya ne masu ɗaki shida da tsakar gidan da ba ta ɗaukar ƙwallo. Yaro ya tashi daga boko ya faɗa Islamiyya, ya dawo ya tarar da malamin lesin. Sa'an nan mu yi mamakin ya kasa zama.

Abin da za a fara dubawa

Kafin a liƙa wa yaro wani suna, akwai abubuwan da ke kama da ADHD waɗanda a wajenmu sun fi ta yawa. Yaron da ya fito ba karin kumallo ba zai natsu ba. Haka mai ƙarancin jini, da mai kwana gaban waya, da wanda kunnensa ke ruwa ba ya jin malami, da wanda ba ya hango allo, da wanda ya taɓa yin zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, da wanda ya ga tashin hankali a ƙauyensu. Gubar dalma sananniya ce wajen lalata natsuwar yara. Ba mu manta da 2010 ba, lokacin da ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, ta bar dubbai da ita a jini, kuma an tabbatar wasu nau'o'in kwallin da ake sa wa jarirai suna ɗauke da ita. Ko ƙarancin shekaru ma yana ruɗarwa. Wani nazari na 2018 a Amurka ya nuna cewa a jihohin da ake yanke shekarar shiga makaranta ranar 1 ga Satumba, yaran da aka haifa a Agusta, wato ƙananan aji, sun fi na Satumba samun wannan laƙabi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Mu da muke gaggawar tura ɗan shekara huɗu aji ɗaya, wannan gargaɗi namu ne.

In an tabbatar ADHD ce, gaskiyar da masu tallar na'ura ba sa son faɗa ita ce magani ya fi komai hujja. Tun 1937 Charles Bradley ya lura da hakan a jihar Rod Ailan, kuma maganin metilfenidet, wanda aka fi sani da Ritalin, an shafe shekaru da dama ana nazarinsa. Yana da illoli, yana rage cin abinci, yana iya hana barci, kuma magani ne da doka ta ƙayyade. A yankin da kodin da tiramadol suka yi mana ɓarnar da muka sani, kada wanda ya kuskura ya saye shi a kemis bisa shawarar maƙwabci. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware, da Maiduguri, da Dawanau, ga asibitocin koyarwa. Kai yaro wurin likitan ƙwaƙwalwa ba ya nufin an ce mahaukaci ne. Ga ƙananan yara 'yan ƙasa da shekara 6 ma, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka horar da iyaye take sawa a gaba kafin magani.

Shi kuwa madubin da na'ura ke alkawari, ana iya yin sa da alli. A 1969 a jihar Kansas aka wallafa wata dabara da aka gwada a wani aji huɗu da ya gagara: a raba aji gida biyu, a rubuta 'yan dokoki, duk rukunin da ya karya a ja masa layi a allo nan take, mai ƙarancin layi ya samu wata 'yar alfarma a ƙarshen rana. An sake gwada ta a makarantun Baltimo tun shekarun 1980, aka bi yaran har girmansu, aka ga tasirinta. Akwai kuma katin kullum: uwa da malami su amince kan abu uku kacal, misali ya gama aikin aji, ya ɗaga hannu kafin magana, ya zo da littafinsa. Malami ya sa alama, uwa ta duba da yamma ta saka da abin da ta iya, ko da yabo ne a gaban ubansa. A zaunar da yaron gaba, nesa da taga. A gutsura masa aiki. A mai da shi mai goge allo da raba littattafai, don ya samu halastaccen dalilin tashi. In ya fi gane karatu a tsaye, a bar shi ya tsaya a gefe. Kuma kada a taɓa hukunta shi da hana fita tara, domin wannan kamar hana mai ƙishirwa ruwa ne don ya cika tari.

Ban ce a rufe ƙofa ga fasaha ba. Bincike yana ci gaba, wataƙila gobe a gano wane yaro ne horon zai yi wa amfani. Amma na san halin kasuwarmu. Ba da daɗewa ba wata makarantar kuɗi a Abuja ko Kano za ta sa hoton zoben nan a allon tallarta, ta ƙara kuɗin zango. Ranar da hakan ta faru, iyaye su yi tambaya huɗu: an gwada shi da na bogi? Wa ya ba da shaida, wanda ya sani ko wanda bai sani ba? Canjin a kwamfuta ya tsaya ko ya kai ga littafin yaro? Ina bayanan kansa suke tafiya? In ba amsa, cinikin biri a sama ne. Gara su nemi a nuna musu filin wasa.

Da mako biyun suka cika na je gidan da kaina. Na ce da ita: "Ki riƙe kuɗinki. Mu fara kai shi a duba kunne da ido da jini, sa'an nan mu nemi ganin likitan yara. Ki je ki zauna da malaminsa, ba da faɗa ba. A bar shi ya riƙa tafiya makaranta a ƙasa tare da yayansa, ai ba nisa. Bulalar nan kuma a ajiye ta, shekara uku ana yi, da tana magani da ya warke." Ta yi shiru, ta ce, "To, Yaya, Allah Ya sa a dace." Ban yi mata alkawarin komai ba, don babu wanda zai iya.

Muna cikin maganar ashe yana bayan ƙofa, ya ji komai, domin irinsu ba abin da ke wuce musu. Ya shigo da ƙafar keke a hannu, gwiwa duk ƙura, ya ce, "Kawu, abin kifin nan, in ka saya mini, zan iya kwance shi in ga abin da ke ciki?"

Na ce masa wasu manya a Ohayo sun riga shi.